Yadda Na Hau Tsaunin Rigi a Kan Keken Guragu

An haife ni a birnin Zariya, kuma tun ina yaro babu abin da ke burge ni kamar hawan dutse. Idan aka ba da hutun makaranta, ni da abokaina mukan kama hanyar Kufena da ƙafa, mu haye mu zauna muna kallon gonaki da ragowar tsohuwar ganuwa har sai yunwa ta koro mu gida. Wannan sha'awar ce ta kai ni karatun labarin ƙasa, ita ce kuma ta mayar da ni malamin wannan darasi a wata makarantar sakandare, inda na shafe shekaru ina zana wa ɗalibai tsaunukan Alps na Turai a kan allo, ina bayyana musu yadda ƙanƙara mai rarrafe ta ƙwaƙule kwaruruka ta bar tafkuna masu zurfi a bayanta, alhali ni kaina ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce wadda ke zubowa da ruwan farkon damina ba.

Wata rana ina dawowa daga Kaduna a motar haya, tayar gaba ta fashe, motar ta yi ta ƙundumbala har ta faɗa rami. Mutanen da suka kawo mana ɗauki sun zo da kyakkyawar niyya, suka jawo ni ta taga, suka lanƙwasa ni a kujerar bayan wata mota aka nufi asibiti. Daga baya likita ya shaida mini cewa lakata ta samu rauni a tsakiyar baya, ya kuma ƙara da cewa irin wannan ɗauka takan ƙarasa ɓarnar da haɗari ya fara. Na rubuta wannan ne domin duk wanda ya tarar da haɗari ya sani cewa mutumin da ya ce ba ya jin ƙafafunsa a miƙe ake ɗaukarsa a kan abu mai tauri, ba tare da an karya masa baya ko wuya ba.

Abin da ya biyo baya jira ne. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Za ka tashi da yardar Allah," aka kawo masu ɗori, aka kawo rubutu, aka yi ta zuwa gashin ƙashi. Keken da ƙanina ya aiko daga Turai ya daɗe a jingine a soro, domin a gidanmu ana ganin hawansa tamkar yanke ƙauna ne daga rahamar Allah. A cikin wannan kwanciya gyambo ya fito mini a ƙugu, saboda wanda ba ya jin ƙasan jikinsa ba ya sanin lokacin da fata ta gaji da nauyi, kuma sai da gyambon ya kusa kai wa ƙashi sannan muka koyi cewa dole ne a riƙa juya ni duk bayan sa'a 2, dare da rana. Matata ce ta ɗauki wannan aiki, ita ce ta koyi sa robar fitsari da wanke ciwo, kuma ita ce wata safiya ta goge ƙurar keken ta turo shi bakin gado ta ce, "Malam, addu'a ba ta hana zama a kujera. Tashi ka ga rana."

Na ɗauka samun keke shi ne ƙarshen ɗaurin, ashe wani sabon babi ne. Ƙofar gidanmu tana da dakali, masallacin unguwa yana da matakala 3, banki yana da nasa, haka ofishin da nake zuwa bin haƙƙina. Mutanenmu kuwa ba su da rowar taimako. Kafin in buɗe baki samari huɗu sun kama keken sun cicciɓe ni kamar buhun masara, wani na cewa a riƙe ta nan, wani na cewa a'a ta can, ni kuma ina sama ina riƙe da hular kaina ina godiya. Na san alheri ne, kuma ina roƙa musu lada har gobe. Sai dai ban iya bayyana wa kowa yadda zuciyata ke ƙuna a duk lokacin da aka sauke ni ba, domin wa zai fahimci mutumin da ke jin haushin alheri? Ranar da wani bawan Allah ya ajiye mini sadaka a cinya bayan sallar Juma'a, wanda kuma na tabbata na taɓa koyar da ƙanensa, na koma gida na ce na daina fita. Na daina ɗin kuwa, na tsawon lokacin da har yara a unguwa suka fara tambaya ko na rasu.

Ƙanina, wanda ke aiki a ƙasar Suwizalan, shi ne ya dame ni da waya. "Yaya, ka zo ka ga duwatsun da kake zana wa yara," in ji shi. Na ce masa ya daina yi mini ba'a. Inna ma da ta ji maganar cewa ta yi, mutumin da bai iya shiga masallacin ƙofar gida ba ne zai je hawan dutse a ƙasar Turawa? Tambayarta ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta sa na ji ina so in je in gani da idona ko jikina ne ya rufe mini duniya ko kuwa wani abu ne dabam. Shirin ya ɗauki watanni: biza, takardar likita, robar fitsari da za ta ishe ni har in dawo, matashin zama mai hana gyambo, da awon faɗin kekena wanda ƙanina ya riƙa aika wa masaukai yana tambayar faɗin ƙofar banɗakinsu. Tafiyar jirgin sama ita ce mafi wuya, domin ana karɓe kekenka a bakin ƙofa a kai shi wurin kaya, a ɗaure ka a wata siririyar kujera a ratsa da kai tsakanin fasinjoji, kuma daga nan har sauka ba ka da hanyar zuwa banɗaki.

A ƙarƙashin filin jirgin saman Zurik akwai tashar jirgin ƙasa, kuma a nan ne abu na farko ya faru. Da jirgin da zai kai mu Luzern ya tsaya, sai na ga dakalin tashar da daɓen taragon tsayinsu ɗaya, wani ƙaramin faifan ƙarfe kuma ya zuro daga ƙarƙashin ƙofa ya cike ratar da ke tsakaninsu. Ƙanina ya kai hannu zai tura ni, na ce masa, "Bari, kada ka taɓa." Na murza tayoyina na shiga, na juya na tsaya a filin da aka ware wa keke kusa da taga. Babu wanda ya kalle ni, babu wanda ya ce sannu. Tun ranar haɗarin ban shiga abin hawa da kaina ba sai a wannan lokacin, kuma na juya fuskata ga taga don kada matata ta ga halin da nake ciki. Daga baya na fahimci cewa ba sa'a ba ce, awo ne: an tsayar da tsayin dakalin tashoshi a santimita 55, aka ƙera sababbin taragu a kan wannan ma'auni. Inda tsohon jirgi mai matakala ne, ana buga waya aƙalla sa'a 1 kafin tafiya, sai ka tarar da ma'aikaci yana jiranka da wata na'urar ɗagawa mai launin rawaya.

Birnin Luzern yana bakin tafkin da ya miƙa rassa tsakanin duwatsu, kuma matsayar jiragen ruwa tana gaban tashar jirgin ƙasa, tsallaka titi kawai za ka yi. Har yanzu akwai tsofaffin jirage masu aiki da tururi a wannan tafki, mafi tsufansu tun 1901 yake aiki. Ma'aikata suka shimfiɗa gadar shiga na gangara ciki. Benen jirgin sai ta matakala, saboda haka a ƙasa na zauna, amma ban ji an rage ni da komai ba, domin ruwan yana dab da ni, kore shar saboda zurfi da tsabta, duwatsu kuma suna tasowa kai tsaye daga cikinsa ba tare da wani fili a tsakani ba. Wannan shi ne abin da na yi shekaru ina kiran kwarin da ƙanƙara ta sassaƙa, ina zana shi da alli, ga shi yau ina tafiya a cikinsa. Bayan kimanin sa'a guda muka isa ƙauyen Vitznau, inda jirgin da ke hawa tsaunin Rigi yake jira a bakin ruwa.

Wannan layin dogo shi ne na farko da ya hau tsauni a nahiyar Turai. An buɗe shi a 1871, kuma injiniyan da ya tsara shi, Niklaus Riggenbach, ya sa wani dogo na uku mai haƙora a tsakiya, wanda wata taya mai haƙora a ƙarƙashin jirgin ke cizo tana hawa, ta yadda ba ya sulɓewa komai tsayuwar hanya. Taragun da muka shiga sababbi ne, na 2022, masu ƙasƙantacciyar ƙofa da wurin ajiye keke. Tafkin yana mita 434 ne daga doron teku, tashar ƙarshe kuwa tana mita 1,752, kuma cikin kusan rabin sa'a muka haye wannan tazara, muna ratsa dazuzzuka da makiyaya inda shanu ke yawo da ƙararrawa a wuya. Ina jin nauyina yana komawa baya a cikin keken, kunnuwana suna toshewa, matata kuma ta riƙe hannun keken tamau tana ta salati duk da cewa na ja birki.

Daga tashar zuwa ainihin ƙolin, wanda yake mita 1,798, akwai 'yar hanya mai daɓe amma mai tsananin tudu, wadda hannuwana ba za su iya ba. Na dubi ƙanina na ce, "To, yanzu ka tura." Ya tura yana haki, muna tsayawa muna hutawa. Na lura cewa wannan turin bai ƙona mini rai ba ko kaɗan, kuma na daɗe ina tunanin dalili. Ni na nema, ni na faɗi lokacin da za a fara da lokacin da za a tsaya, kuma abin da ya gagare ni dutse ne da Allah ya halitta, ba matakalar da magini ya zuba don ta yi wa ƙofa kyau ba.

A sama na ga tafkuna a warwatse ta kowace kusurwa, ga na Luzern, ga na Zug, ga wasu ƙanana can nesa, ta kudu kuma jerin tsaunukan Alps farare fat da dusar ƙanƙara duk da cewa lokacin zafinsu ne. Na sa aka matsar da ni kusa da wani ɓangaren dutse na shafa shi, domin na san daga littafi cewa jikin Rigi tsakuwa ce da koguna suka tara shekaru miliyoyi da suka wuce ta dunƙule ta zama dutse, kuma ga ƙwayoyin tsakuwar nan a ƙarƙashin tafin hannuna, mulmulallu. Ina cikin wannan sai matata ta sa hannu a ƙwaurina ta ce, "Malam, ƙafarka ta yi sanyi ƙalau." Ni ban ji komai ba, kuma haɗarin ke nan ga mai raunin laka a wuri mai tsawo: iska tana iya cutar da ƙafa ba tare da mai ita ya sani ba. Ta naɗe ni da bargo, muka sauko wurin da ke da ɗumi. Na yi alwala a banɗakin masu keke, na haɗa azahar da la'asar a zaune, na yi kasaru. Irin waɗannan banɗakuna a wurare da yawa a kulle suke, kuma mabuɗi ɗaya ne mai suna Eurokey ke buɗe su a Suwizalan da Jamus da Ostiriya, wanda ƙanina ya samo mini tun kafin in iso.

A hanyar saukowa ƙanina ya ba ni labarin da ya sa na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Kafin a shimfiɗa dogon, attajiran Turai da ke son ganin fitowar rana daga ƙolin Rigi a kan kujera ake ɗauko su, 'yan dako daga ƙauyukan bakin tafki su saɓa su a kafaɗa su hau da su, a biya su. Wato abin da nake gudu a ƙofar masallacinmu shi ne masu kuɗi suka riƙa saya da tsada a wannan dutse. Bayan kwana biyu muka je Stoos, wani ƙauye da ke kan tudu wanda motoci ba sa shiga, ta wani jirgin da igiyar ƙarfe ke ja wanda aka buɗe a ƙarshen 2017. Hanyarsa ta kusa kai digiri 48 a tsaye, amma ɗakunansa zagayayyu ne masu juyawa da kansu, saboda haka daɓen da kekena ke kai bai karkace ba tun daga ƙasa har sama.

Kada mai karatu ya ɗauka komai a can sumul yake. Tsohon garin Luzern an daɓe shi da ƙananan duwatsu, kuma girgizar da suke sa keke takan tayar mini da mazarin ƙafafu. Wani masauki da ya rubuta mana cewa ya dace da masu keke, mun iske wurin wankansa da ɗan dakali, sai a kan kujerar roba na riƙa wanka matata na zuba mini ruwa. Tsada kuwa ba a magana, domin kuɗin shayi da burodi a can ya ishi gidana cefanen kwanaki. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata yamma da muka sauka a wata ƙaramar tasha muka tarar na'urar hawa da sauka ta lalace, ga matakala masu yawa, ga ni daga ni sai matata, ƙanina yana wurin aiki. Mutane ƙalilan suka wuce mu, kowa ya kama gabansa. A lokacin na tuna samarin unguwarmu da kewa ta gaske, domin da a gida ne da tuni an haye da ni. Sai da muka jira wani jirgin ya kai mu tasha ta gaba, muka tsallaka ta can, muka dawo ta ɗaya ɓangaren bayan duhu ya yi. Ƙasar da ta shirya wa keke hanya ta kuma koya wa mutanenta cewa ba ruwansu da mai keke, kuma ban ga dalilin da zai sa mu sayar da namu halin don mu sayi nasu ba. Shirin nasu kawai nake kwaɗayi.

Kafin in dawo na roƙi a kai ni Nottwil, wani gari a bakin tafkin Sempach, ƙasa da rabin sa'a daga Luzern, inda cibiyar kula da masu raunin laka ta ƙasar take. Wani likita mai suna Guido Zäch ne ya kafa gidauniyarta a 1975, aka buɗe asibitin a 1990, kuma kusan mutum miliyan 2 ne ke biyan ɗan kuɗin shekara-shekara don tallafa mata, wani abu mai kama da asusun taimakon juna. A nan Marcel Hug yake atisaye, wanda ya ci zinare 4 a tseren keken guragu a gasar nakasassu ta Tokiyo. Ni dai ba shi na gani ba. Wani dattijo na haɗu da shi a harabar wurin, wanda ya fi shekara 40 a kan keke, ya dubi yadda nake fama da wani ɗan tudu sai ya nuna mini yadda ake ɗaga ƙananan tayoyin gaba a tsaya a kan na baya, dabarar da babu wanda ya taɓa koya mini a gida. Ƙanina yana yi mana tafinta, na ce wa dattijon sun yi sa'ar ƙasa. Ya girgiza kai ya ce lokacin da ya ji rauni, a taragon kaya ake sa irinsa tare da jakunkunan wasiƙu, kuma babu abin da aka ba su kyauta.

Da na bincika sai na ga haka abin yake. Dokar da ta wajabta daidaita wa masu nakasa ta fara aiki a Suwizalan ranar 1 ga Janairun 2004, bayan da a watan Mayun 2003 kusan kashi 62 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa da wani ƙuduri da ya fi ta ƙarfi. Dokar ta ba harkar sufuri shekara 20, wa'adin ya cika a ƙarshen 2023, kuma ya cika ɗin ne da ɗaruruwan ƙananan tashoshi ba a gyara ba. Mu ma a Nijeriya muna da tamu dokar, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wato wa'adinmu da nasu 'yan makonni ne tsakaninsu. Su suna ƙirga tashoshin da suka rage suna jayayya a kansu a jaridu, mu kuwa mafi yawan masu ginin ba su ma ji labarin dokar ba.

Da na dawo Zariya, na sa aka kai ni wurin limamin unguwarmu na ce, "Allah gafarta Malam, ina so a ba ni izini in yi wa masallaci hanyar keke da kuɗina." Ya ce ai samari ba su gaji da ɗaukata ba. Na ce na sani, ni ne na gaji. Ya yi shiru, sannan ya ce a kira magini. Da maginin muka fi shan fama, domin shi a ganinsa buhun siminti biyu ya isa a shafe matakalar a mayar da ita gangare, ni kuwa na nace cewa duk santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo, in ba haka ba keke zai kifa da mai shi. Matakala 3 ɗin nan sun kai santimita 45, saboda haka ana buƙatar fiye da mita 5, abin da zai cinye wurin ajiye takalma. A ƙarshe aka bi da ita ta gefen bango, aka yi mata kwana da ƙarfen riƙewa.

Na kuma koma aji. Shugaban makarantar ya sauko da darasina ƙasa daga bene, kuma yanzu idan na zo kan tsaunukan Alps hotunan da matata ta ɗauka nake zagayawa da su maimakon zanen alli. Abin da ya rage shi ne banɗakin malamai, wanda ƙofarsa ta gaza faɗin kekena da kimanin yatsu uku. Na rubuta takarda ina neman a faɗaɗa ta, na haɗa da awo da kiyasin kuɗi, an ce za a duba idan kuɗin gyara ya fito. Kafin nan ina rage shan ruwa da safe don in iya kaiwa ƙarshen darasi na huɗu, abin da likitana ya gargaɗe ni a kai saboda ƙoda, kuma na shirya in sake rubuta musu a farkon zango mai zuwa.